Sharhi: Yaƙin Basasar Nijeriya a Alƙalamin Hafsoshi

Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To amma daɗi daban, gaskiya daban. Duk wanda ya karanta littattafan da hafsoshin soja suka rubuta a kan yaƙin basasar Nijeriya, wanda aka gwabza daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, zai lura cewa kusan kowane marubuci a cikinsu shi ne gwarzon labarinsa, kuskure kuwa na wani ne.

Mu fara da My Command na Janar Olusegun Obasanjo, wanda ya fito a 1980. Obasanjo ya karɓi Runduna ta Uku daga hannun Kanar Benjamin Adekunle a Mayun 1969, jim kaɗan bayan Biyafara ta sake ƙwace Owerri. Littafin yana da amfani wajen nuna yadda ake farfaɗo da rundunar da ta karaya. Sai dai mai karatu zai iya ɗauka cewa ba a yi abin kirki ba sai da marubucin ya iso, alhali an ci Kalaba tun Oktoban 1967, Fatakwal kuma a Mayun 1968, duk a ƙarƙashin Adekunle.

Wannan ne ya harzuƙa Birgediya Godwin Alabi-Isama, wanda ya yi aiki a wannan runduna, har ya fitar da The Tragedy of Victory a 2013. Ƙarfin littafinsa yana cikin ɗaruruwan hotuna da taswirori, da bayanin wahalar ciyar da dakaru da ƙetare koguna. Rauninsa kuwa shi ne raddi ya ci shafuka masu yawa, har yaƙin ya zama kamar shari'a tsakanin tsofaffin abokan aiki biyu. Daga ɓangaren Biyafara, littafin Alexander Madiebo na 1980 ya fi su faɗin aibin gida, domin bai ɓoye ƙarancin makamai da rashin yarda tsakanin Ojukwu da hafsoshinsa ba.

To ina namu? Runduna biyu daga cikin uku na tarayya 'yan Arewa ne suka fara jagorantarsu. Kanar Muhammadu Shuwa ya ja Runduna ta Ɗaya, wadda ta ci Inugu a Oktoban 1967 da Umuahia a Afrilun 1969. An san shi da taka-tsantsan, ba ya gaba sai ya tabbatar da bayansa, wanda hakan ya sa wasu suka zarge shi da jan ƙafa. An harbe shi a Maiduguri a 2012. Kanar Murtala Muhammad kuwa, mai Runduna ta Biyu, akasin Shuwa ne: ya fatattaki dakarun Biyafara daga Jihar Tsakiyar Yamma cikin hanzari, amma yunƙurinsa na ƙetare kogin Kwara zuwa Anaca ya jawo asarar rayuka masu yawa, sannan aka yi wa ayarin rundunarsa kwanton ɓauna a Abagana a Maris na 1968. An kashe shi a 1976. Dukkansu biyu ba su bar mana littafi irin na Obasanjo ba. Janar Babangida, wanda ya ji rauni a fagen fama a 1969, ya fitar da A Journey in Service a 2025, amma zancen soke zaɓen 1993 ne ya ɗauke hankalin jama'a.

Akwai kuma wuraren da alƙalamin hafsa kan yi sauri ya wuce. A Asaba, a Oktoban 1967, sojojin Runduna ta Biyu sun harbe fararen hula masu yawa. Ba daga hafsoshi muka sami cikakken labarin ba, sai daga Emma Okocha a 1994, da binciken Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli a 2017. Martabar Murtala a zukatanmu ba hujja ba ce ta kauda kai daga abin da ya faru ƙarƙashin rundunarsa. Kamar yadda muke so a tuna da Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari da aka kashe a Janairun 1966, haka ya wajaba mu ambaci Ibo da aka kashe a garuruwanmu a wannan shekara, da yaran da yunwa ta cinye a Biyafara.

Da Hausa kuwa, yawancin abin da aka bari waƙoƙin zuga soja ne, waɗanda aikinsu ƙarfafa gwiwa ne, ba bin diddigi ba. Shi ya sa nake ganin ƙagaggen labarin Bature Gagare, Ƙarshen Alewa Ƙasa na 1982, ya yi abin da janar-janar ba su yi ba. Ya bi Mailoma, sojan da ya fito daga yaƙi ya zama ɗan ta'adda, ya tilasta mana tambayar abin da yaƙi ke mayar da mutum bayan an ajiye bindiga. Rundunar da ta kumbura daga mutum wajen 10,000 zuwa wajen 250,000, ai ba hafsoshi ne suka cika ta ba, 'ya'yan talakawa ne, kuma su ne ba a ji muryarsu ba.

Mu da ke karatu a nan Doha muna zaune da 'yan Sudan da Lebanon, waɗanda suka san ɗacin basasa, kuma sukan tambaye mu labarin tamu. Bai dace amsarmu ta tsaya ga littafin mutum ɗaya ba. A karanta Obasanjo tare da Alabi-Isama, a haɗa da Madiebo, a auna. Sannan duk mai kaka ko kawu da ya je bakin daga, idan ya je hutu gida ya zauna da shi, ya naɗi maganarsa da Hausa. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin a 1967 yanzu yana dab da tamanin, kuma kullum raguwa suke yi.