Masu Cikon Haƙori

Cikon haƙori sana'a ce mai ceton abin da a da sai dai a cire shi. Kogo yakan fara idan ƙwayoyin cuta suka samu ragowar zaƙi a baki, suka mayar da shi tsami mai cin haƙori. A Matameye, ƙasar rake da shayi mai sukari, wannan ciwo ba baƙo ba ne.

Mai cikon yakan ƙwaƙule ruɓaɓɓen wurin, ya wanke, ya busar, ya cike, sannan ya sa mutum ya ciza don ya daidaita tudun. Haƙurin mai cikon ya cancanci jinjina. Akwai ciko mai haɗin azurfa, kuza, tagulla da zaiba. Akwai fari da ake daskararwa da shuɗin haske. Mafi dacewa da karkara ita ce dabarar da aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980, wadda ba ta buƙatar lantarki, kayan hannu sun wadatar.

Idan ruɓa ta kai jijiya, sai a kwashe jijiyar, a cike saiwar, a sa wa haƙorin hula, aikin da galibi ake zuwa birni kamar Damagaram dominsa.