"Shaihu Umar": Ina Bayin Rinji?

Mai karatu, in ka kalli "Shaihu Umar" na Adamu Halilu, fim ɗin 1976 da aka ciro daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, lura da waɗanda ake so ka tausaya wa. Umar ne da mahaifiyarsa, 'ya'ya waɗanda tsautsayi ya jefa cikin bauta. Umar ma ai Balarabe Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗansa. To, ina cucanawan da aka haifa a rinji suna noman gandu? Fim ɗin bai ba su baki ba. Kai da ke Dandin Mahe, tambayi tsofaffin Boɗinga da Shagari: bawan sarki mai doki daban, bawan gandu daban. An soke bauta a 1936, amma har gobe ana binciken asali kafin a ba da aure.