Hannun da Ya Ɗaure Gurmi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja, daga Kafin Hausa zuwa Bulangu, ya san amon gurmin marigayi Alhaji Haruna Uji, ko a rediyo ko a kaset ɗin direbobi. Amma tambayi wane ne ya haɗa gurmin, sai ka ji an yi shiru. Mun riƙe sunan makaɗi, mun riƙe sunan wanda aka yi wa waƙa, shi kuwa mai hannun da ya ɗaure fata a kan ƙoƙo ko tambayarsa ba a yi.

A Sifen ba haka abin yake ba. Mai yin jita a can yana manna takarda a cikin cikinta, da sunansa da garinsu da shekarar da ya yi ta. Shi ya sa har gobe ake maganar Antonio de Torres na Almeriya (1817 zuwa 1892), wanda ya daidaita sifar jitar da ake kaɗawa yau, da kuma gidan Ramirez na Madrid da ke kan sana'ar tun 1882, ɗa na gadon uba. A 1862 Torres ya yi wata jita da ya haɗa bayanta da gefunanta da takarda mai kauri, fuskar kaɗai ya yi da katako mai kyau, don ya nuna cewa a fuska murya take. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona.

Abin da Torres ya gwada, makaɗanmu sun daɗe da saninsa a yatsunsu. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya, amma ya kai shi ƙasashen duniya. Gwangwani mazauni ne kawai. Fata ce ke magana.

Na ga haka da idona a wani ƙauye kusa da Kafin Hausa, wajen wani dattijo mai gurmi. Ba shi da shago. A inuwar dalbejiya yake aiki, kayan aikinsa kuwa wuƙa ce da basilla da ƙusoshi a cikin tsohon gwangwanin madara. Duman ya bushe tun bara, an raba shi, an kankare cikinsa tas. Fatar guza ta kwana a ruwa. Ya shimfiɗa ta a bakin ƙoƙon tana jiƙe, ya ja nan ya kafa ƙusa, ya juya ya ja ɗaya ɓangaren, yana yi yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, kunnensa a karkace. Na ce, "Baba, ta yaya kuke gane ta ja daidai?" Ya ce, "Ɗana, idan ka ja ta sosai yau, gobe hunturu ya tsaga maka ita. Idan ka sassauta, damina ta zo ta kashe mata murya. Tsakani ake nema." Sai ya ajiye ta a inuwa, ya ce rana gaggawa take sa fata.

Sauran aikin ba ya cin lokaci: a zura sanda, a ɗaure tsirkiya da igiyar fata wadda ake turawa sama ko ƙasa don gyara sauti, a ɗora ɗan jakin da ke ɗauke da tsirkiyar. Tsirkiya kam ta sauya. Izgar doki ta rage ga goge da kukuma, su gurmi da garaya yanzu zaren kamun kifi ne ko wayar birkin keke. Ban ga laifi a nan ba. Sana'ar da ta karɓi gwangwani ba za ta ƙi waya ba.

A ganina, dalilin rashin suna shi ne aikin a warwatse yake. Manomi ya shuka duma, maharbi ko masunci ya kamo guza a fadama, masassaƙi ya fafe kwamin garaya ko molo, maƙeri ya ƙera ƙarfen nan mai zobba da ke kacau-kacau a kan wuyan garaya, baduku ya yanka igiya, sannan makaɗi da kansa ya haɗa. To, sunan wa za a rubuta? Akwai kuma kallon da jama'a ke yi wa kayan tsirkiya, musamman goge da garaya, saboda alaƙarsu da bori da gidajen magajiya. Mutum ba ya ɗokin buga sunansa a kan abin da malamin unguwa ke ƙyama.

Wannan tsari ya yi aiki muddin akwai masu koyo, domin yaron makaɗi yakan iya gyaran gurmi kafin ya iya kaɗa shi. Yanzu kuwa fiyanon situdiyoyin Kano na kwaikwayon amon kowane kaya, mai biki ya gwammace ya ɗauko lasifika. Littafin David Ames da Anthony King na 1971 ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu, aiki ne babba, amma suna daban, sanin yadda ake jan jiƙaƙƙiyar fata daban. Masu nazari a jami'o'inmu sun fi karkata ga baitocin waƙa, jigo da salo, kamar waƙar daga iska ta faɗo. Ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga Jami'ar Sule Lamido a cikin Kafin Hausa kanta. Ɗalibi guda da waya mai kyamara zai iya zama mako ɗaya a inuwar nan ya ɗauki komai, ya rubuta sunan mai aikin a shafin farko.

Da zan tafi na tambayi dattijon ko akwai wanda yake koya wa. Ya nuna min jikansa da ke miƙo masa ƙusa, ya ce yaron na da kunne, amma ubansa ya riga ya nema masa wurin koyon gyaran babur a Haɗeja, bayan sallah zai tafi.