Fiyano da Kalangu a Finafinan Hausa

Idan muka aza fim ɗin Shehu Umar na Adamu Halilu (1976) kusa da Sangaya (1999), za mu tarar bambancinsu ya wuce na majigi da kaset ɗin bidiyo. A na farko, labarin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ke jan ragama. A na biyu kuwa waƙa ce ta yi masa talla, har ta riga shi shiga kunnen jama'a daga Kano zuwa Nguru da Gashuwa.

Ba ma ƙyamar waƙa a fim. Abin da muke tuhuma shi ne fiyano. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya saki, sai ganga ta bi karin sautin Hausa, ta yi kirari, ta yi habaici. Fiyano kuwa kiɗansa a shirye yake tun daga masana'anta, mawaƙi ne ke lanƙwasa kalma domin ta dace da shi.

Kaset ya shuɗe. Amma matashin Yusufari da ya kalli Labarina (2020) a wayarsa, kiɗan na'ura ya ji, kuma da wuya ya san cewa ganga tana magana.