Zoɓo, Kunun Zaƙi da Iyakar Kwana Uku

A ƙasashen da ake noman inabi akwai wata giya mai zaƙi da aka fi fitowa da ita bayan an gama cin abinci, a zuba a ɗan ƙaramin kofi, a yi ta kurɓa a lambu. Ta yankin Sauternes a Faransa da ta Tokaj a Hangari su ne suka fi suna. Barin inabin ake yi a jikin itacensa har wata irin fumfuna ta kama shi ta tsotse ruwansa, ya yamushe, sukarinsa ya taru, shi ya sa ko ya tsimu zaƙin ba ya ƙarewa. A cikin ganuwar Kano babu wannan kwalba, kuma ba yau aka fara ba. Tun kafin ƙaddamar da shari'a a 2000 da kafa Hukumar Hisba a 2003, mai neman barasa Sabon Gari yake nufa. Sai dai gurbin nan na abin sha mai zaƙi da ake rufe ciki da shi a taro yana nan daram, kuma a hannun mata yake.

Je ka gindin Dala ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi. Yara da 'yan mata sun ci ado suna ta hawa dutsen, masu saukowa kuwa maƙogwaro ya bushe, sai su zarce wajen masu kuloli: zoɓo ja wur, kunun aya fari tas, ƙanƙara na narkewa a tsakani. Haka a yinin biki, in an kafa rumfa an tare lungu. Ana gama waina da miyar taushe za ka ji uwar biki ta ɗaga murya: "Ke 'yar nan, ina zoɓon mutane?" Tuwo na iya yin ruwa a yafe, amma zoɓon da ya yi salam sai an tafi da labarinsa gida.

Abin nazari a nan shi ne kunun zaƙi. Ana jiƙa gero ko dawa, a markaɗa da citta da kanumfari da busasshen dankali, a raba ƙullun biyu. Kashi ɗaya a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, a bari ya huce, sannan a juye ɗanyen a ciki, a rufe ya kwana. Da safe kaurin nan ya saki, ya tsinke, zaƙi ya fito tun ba a sa sukari ba. Wasu da tsiron dawa ko na shinkafa suke yi maimakon dankali. To, da tsiron dawar nan mai dafa burkutu take fara aikinta. Tare suke tafiya har wata mararraba, mai kunu ta tace ta fitar a sha a ranar, mai burkutu ta bari kwanaki su yi aikinsu. Na san wasu ba za su so jin wannan kwatanci ba, amma kowace tsohuwa a birni ta san shi, shi ya sa take shinshina kunun da ya kwana biyu kafin ta miƙa wa jika.

Malamai ma sun san iyakar. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan nan ba ya sha. Zabibi kuwa busasshen inabi ne. Su Faransawa suna alfahari da kwalbar da ta shekara talatin a ɗakin ƙasa. A nan darajar abin sha tana ga sabuntarsa. Kunun aya ma, in babu ƙanƙara, ko yini ba ya kaiwa.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda sana'ar ke lalacewa. Zoɓon kirki, wanda 'yan Masar ke kira karkade, 'yan Senegal kuma bisab, tsaminsa da yajin citta ke riƙe zaƙinsa. Yanzu da yawa sun koma zuba garin ƙamshi na leda da sinadarin zaƙi mai barin ɗaci a harshe, a ɗura a robobin da aka tsinto. A manyan ɗakunan taro kuma, can wajen ganuwa, an shigo da ruwan inabi marar giya, mai toshiyar da ke fashewa da ƙara, ango ya buɗe a yi ta ɗaukar hoto. Na ɗanɗana sau ɗaya a bikin wani ɗan'uwa. Ruwan sukari ne da kumfa. A teburinmu kwalbar ta tashi da rabinta, wata gwaggo kuwa tana ta leƙen ƙofa ko an shigo da kular kunun aya daga cikin gari.