Kaka, Sallah da Kuɗin Ƙofa

Gona da wata ne suke tsara wa mawaƙin Hausa shekararsa. Da damina ta sauka sai a rataye kalangu, don masu yin kari suna bakin noma. Sai an yi girbi, hatsi ya shiga rumbu, an sayar da gyaɗa da auduga, sannan bukukuwa su ɓarke: aure, dambe, kokawa, kalankuwa. A nan ne makaɗi ke tara 'yan amshinsa da maroƙa su bi gari gari. Azumi ya tsayar da kowa, Sallah ta sake buɗe fage. Haka Mamman Shata ya yi yawonsa har ya rasu a 1999, haka Barmani Choge ta zaga da ƙoranta na amada.

Dandalin asali shi ne ƙofar fada da ƙofar gidan mai biki. Mawaƙi yana da ubangida, kuma bakinsa na bin hannun da ya ba shi doki ko babbar riga.

Gidajen silima ne suka kawo wani abu dabam, wanda a ganina ba a ba shi haƙƙinsa ba. A Kano an buɗe Rex a 1937, daga baya Palace ta shigo cikin birni, malamai suka yi ta suka. Ga Plaza da Wapa a Fagge, ga Orion a Ƙofar Wambai. Don fim aka gina su, amma mawaƙa suka ara, daga baya 'yan Kannywood suka riƙa yin gala a irin waɗannan wurare da Sallah. Mai tikiti na zaune a bayan 'yar taga, layi ya miƙe, mai tsire yana fifita wuta a bakin ƙofa. Tela da ɗan dako kowa ya biya nasa ya shiga, ba mai tambayarsa ɗan waye. Kuɗin ƙofa ya ba mawaƙi ubangida na biyu, wato jama'a, kuma wannan ubangidan ba ya buƙatar yabo. Waƙa mai daɗi kawai yake nema.

Yawancin waɗannan gidaje sun mutu, wasu sun koma kantuna. A ambaci Wapa yau, canjin kuɗi ne zai zo wa mutum a rai.

Mu duba daga nan Maikunkele. Hedikwatar ƙaramar hukumar Bosso ce, ga filin jirgin sama a gefenta, Minna da ke kusa da ita kuwa tsohuwar mahaɗar jirgin ƙasa ce tun da aka shimfiɗa layin Baro zuwa Kano a 1911. Hanya ba ta taɓa zama matsala ba. Zaure ma akwai shi a Minna: gidan wasan U.K. Bello, mai ɗauke da sunan dogarin Janar Babangida da aka kashe a yunƙurin juyin mulkin 1990. Abin da babu shi ne tsayayyen lokaci da matashin Maikunkele zai san cewa bayan kaka wane zai zo, ya fara tarin kuɗin tikiti tun da wuri.

Manyan mawaƙa na zuwa, amma galibi ɗakin taron biki suke nufa, inda mai gadi ke duba katin gayyata, ko kuma gangamin siyasa. Mawaƙi ya koma hannun ubangida guda, mai sauraro kuma ya koma wa wayarsa, kuma ana jin hakan a waƙoƙin: sunaye sun yi yawa, zance ya ragu.