Jinjina Ga Alƙalamin Da Ya Gurfanar Da Hukuma

Haƙiƙa wajibi ne a jinjina wa marubutan da suka mai da ɗumamar duniya mas'alar shari'a, musamman lauyan nan na ƙasar Holan, Roger Cox, wanda a 2011 ya wallafa littafi yana kafa hujja, cikin natsuwa da zurfin nazari, cewa muddin mahukunta suka yi sakaci da amanar bayin Allah, to, ya rage ga alƙalai su tilasta musu. Gidauniyar Urgenda ta riƙi wannan hujja ta kai gwamnatin Holan ƙara, har a 2015 kotu ta hukunta a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da aƙalla kashi 25 cikin ɗari kafin ƙarshen 2020, bisa ma'aunin 1990, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a 2019.